Hoton takalmi kafin manhaja: yadda Zappos ya gwada kasuwa

Jama'a, assalamu alaikum. Yau Amurka za mu leƙa, shekarar 1999.

Wani matashi, Nick Swinmurn, ya zaga shaguna a yankin San Francisco yana neman takalmi. Mai launin da yake so ba shi da lambar ƙafarsa, mai lambar kuma ba shi da launin. Ya koma gida hannu rabbana. Nan tunani ya faɗo masa: me zai hana a riƙa sayar da takalmi ta intanet?

Sai dai akwai ƙura a gaba. Wa zai biya kuɗin takalmin da bai zura ƙafa ya taka ba?

Ku lura da abin da ya yi. Bai kama hayar sito ba, bai sari kaya ba. Kyamara ya ɗauka, ya nemi izinin masu shaguna, ya ɗauki hotunan takalmansu ya ɗora a wani ɗan shafi mai suna ShoeSite.com. Idan wani ya yi oda, sai ya koma shagon ya saya a farashin kowa da kowa, ya naɗe, ya aika. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, kuma ba ita ce gabansa ba. So yake ya gani ko wanda bai san shi ba zai ciro kuɗi ya biya. Da yake komai ta hannunsa yake bi, ya ga lambobin da ake nema, ya ji ƙorafin masu dawo da kaya da kunnensa. Shafin nan shi ya zama Zappos, wanda Amazon ya saya a 2009 kan kimanin dala biliyan 1.2.

A waccan shekarar ta 1999, kamfanin Webvan mai kai cefane gida ya ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 1 da kamfanin gine-gine na Bechtel don gina manyan rumbuna a birane 26, tun kafin ya tabbatar masu saye za su cika su da ciniki. A 2001 ya durƙushe, ma'aikata kusan 2,000 suka rasa aiki.

Abin da ke damuna shi ne matashin da zai kwashe wata shida yana rubuta manhaja don abokai sun ce masa, "Wallahi za ta karɓu." Aboki ba ya son ɓata maka rai. Je ka wurin mai matsalar da manhajarka za ta magance, ka tambaye shi yaushe ta same shi ta ƙarshe, yaya ya yi, nawa ya kashe. In bai taɓa neman mafita ba, ba ta ci masa tuwo a ƙwarya ba.

Dabarar ma ba baƙuwa ba ce gare mu. Matar da ke ɗaukar hoton atamfa a Kantin Kwari ta ɗora a WhatsApp, ba ta sayowa sai an turo kuɗi, hanyar Swinmurn take bi. Kai ma fara da waya da littafin rubuta oda. Ranar da oda ta fi ƙarfin hannunka, sai ka buɗe kwamfuta, littafin nan zai nuna maka abin da za ka fara ginawa.