Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ya Tayar Da Yesu Daga Kabari?

Jama'a barkanmu da Ista, Almasihu ya tashi! Yau wasiƙu biyu zan ɗauka, ta farko daga wata 'yar'uwa a Kafanchan, tace maƙwabciyarta ce ta tambaye ta, in dai Yesu Allah ne to da ya mutu ran Juma'a wa ke riƙe da duniya, kuma wa ya tayar da shi? Tace abin ya tsaya mata a rai har barci ya gagare ta.

'Yar'uwa kar ki ji kunya, maƙwabciyar taki ma tambaya mai kyau tayi. Da farko dai mu Kirista ba alloli uku muke bauta wa ba, Kubawar Shari'a 6:4 tace Ubangiji ɗaya ne kuma Yesu da bakinsa ya maimaita hakan a Markus 12:29. In kuma mun ce Ɗa, ba haihuwa irin ta miji da mata muke nufi ba, ko kusa.

To wanda aka gicciye Ɗan ne, cikin jikin mutum da ya ɗauka, mutuwa ce ta gaske har da mashi aka soke shi a kwiɓi, amma allahntakarsa bata mutu ba, Uba kuma bai hau gicciye ba, ai shi ne ma Yesu ya danƙa wa ruhunsa a Luka 23:46. Batun tashi kuwa, Galatiyawa 1:1 tace Uba ne ya tayar da shi, a Yahaya 10:18 Yesu yace yana da ikon ba da ransa yana da ikon sake ɗaukarsa, sannan Romawa 8:11 tace wanda ya tayar da shi zai rayar da jikunanmu ta wurin Ruhunsa da ke zaune cikinmu, kin ga aiki ɗaya ne, Allah ɗaya. Wannan ayar ta ƙarshe ni duk ranar jana'iza ita ke riƙe ni. Don Allah dai ki bar misalin ruwa da ƙanƙara da tururi da ake kawowa wajen bayyana Uba da Ɗa da Ruhu, yana sa a ɗauka Allah sauya kama yake yi, alhali a lambun Getsamani, inda Yesu yayi addu'a kafin a kama shi, Ɗa da Uba magana suke yi.

Ɗan'uwa daga Maraɗi kuma kace baka ga kalmar Triniti, wato Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, a Littafi Mai Tsarki ba. Gaskiyarka, babu ita. Wani marubuci Kirista mai suna Tatuliyan mutumin Katej, inda ake kira Tunisiya yanzu, shi ya rubuta ta da Latin a farkon ƙarni na 3, tun kafin babban taron shugabannin ikilisiya da aka yi a Nikiya a shekarar 325. Amma ka buɗe Matiyu 28:19, bayan tashinsa Yesu yace a yi baftisma da suna, suna ɗaya fa, na Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Masu tambaya kan Fentikos, wato ranar saukowar Ruhu Mai Tsarki, kwana 50 ne daga Ista, ku yi haƙuri sai mako mai zuwa, mun karɓi wasiƙunku.