Yadda Injekta Ɗaya Ke Kashe Injin Motar Gudu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da ku da kuka samu halarta. Na ga akwai makanikai a cikinmu, akwai masu motoci, ga kuma ɗalibai can baya, don haka zan yi ƙoƙari maganar ta isa ga kowa.

Yau a kan injekta za mu yi magana, wadda wasunmu ke kira nozul. Aikinta ɗaya ne: ta buɗe ta fesa fetur, ta rufe. Amma ku dubi saurin da take yi. Idan inji na juyawa sau 6,000 a minti, kowace injekta sai ta buɗe ta rufe sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kowane feshi dole ya zo daidai da abin da kwamfutar mota ta lissafa. A injin da ke fesa mai a bayan bawul, ƙarfin turin bai wuce bar 3 zuwa 4 ba, bar kuwa shi ne ma'aunin matsi. A wanda ke fesawa kai tsaye cikin silinda kuwa, ana kaiwa bar 200, sababbin ma har 350. Ramukan bakinta ƙanana ne ƙwarai, ɗan datti kaɗan ya ishe su.

To, ina so ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne abin da ya kawo ni. Injektar da ta mutu murus ba ita ce abin tsoro ba. Wannan ai ta yi maka adalci. Inji zai yi ɗingishi, mota ta kama rawa, fitilar gargaɗi ta kunnu, in ka jona na'ura ta nuna maka lamba irin P0201 ko P0301, ka san silinda ta ɗaya ce. Ka tsaya, ka gyara, shi ke nan. Wadda nake jiye muku ita ce mai aiki rabi da rabi, wadda ta ɗan toshe, tana ba da mai amma bai cika ba.

Bari in yi muku bayanin dalili. Fetur yana ƙonewa tsaf idan aka haɗa iska kashi 14.7 da mai kashi 1, a ma'aunin nauyi. Amma motar gudu, musamman mai turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, idan aka take totur har ƙasa, kwamfuta da gangan take ƙara mai, ta sauko da haɗin zuwa wajen 12 ko ƙasa da haka. Me ya sa? Wannan rarar man ba don ƙarfi kaɗai ba ne, sanyaya ɗakin ƙuna yake yi. Shi ne ke kare kan fistan. Yanzu ku ɗauka silinda shida ne, biyar suna samun rabonsu, ɗaya an tauye mata. Ita ma iskar da turbo ke turawa tana shigar mata daidai da sauran, man ne ya gaza. Zafi sai ya hau. Sauran haɗin da ke gefen silinda, maimakon ya jira wutar filogi ta iso gare shi, sai ya fashe da kansa. Wannan fashewar ce ke dukan fistan kamar ana sa masa guduma. Tana kuma kore siririyar iskar da ke kwance a kansa tana kare shi daga harshen wuta. Fistan da alminiyam ake yin sa, shi kuwa alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, tun kafin nan ma ya riga ya yi laushi. Daga nan sai dai ka ga gurbin ringi ya tsage, ko gefen fistan ya zaizaye, ko a tarar da huda a tsakiyarsa. A cikakken gudu, 'yan daƙiƙu sun isa a yi wannan ɓarna.

Wani zai ce, Malam, ina sensa? Tambaya ce mai kyau. Sensar da ke auna iskar oksijin a bututun salansa take zaune, bayan hayaƙin silinda uku ko huɗu ya riga ya gauraya. Abin da take gani jimilla ce. Idan ɗaya na jin yunwa, sai ta shaida wa kwamfuta cewa mai ya ɗan yi ƙasa, kwamfuta ta ƙara wa kowa da kowa. Masu lafiya su samu fiye da kima, mai ciwo ta ɗan matsa amma ba ta kai ba, lissafi kuma ya fito daidai a fuskar na'ura. Sensar da ke sauraron ƙwanƙwasa, wato ƙarar fashewar nan da ke dukan fistan, takan taimaka, ta sa a ja lokacin wuta baya, amma tana da iyaka, kuma a babban gudu hayaniyar injin kanta na iya rufe mata kunne. Shi ya sa mutum zai rantse maka motarsa lafiya lau take har zuwa lokacin da ta buga. Gaskiya ya faɗa. A cikin gari, da totur kaɗan, injektar nan tana iya biyan buƙata. Sai ranar da aka nemi duk abin da take da shi asirinta ke tonuwa.

Wannan ya fi shafar masu ƙara wa inji ƙarfi. A ƙara turin turbo, a sauya lissafin kwamfuta, a bar injektocin da mota ta zo da su. Masu wannan sana'a sun daɗe da ƙa'idar cewa kada lokacin buɗewar injekta ya wuce kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari. In ta kai ɗari, a buɗe take kawai, ba sauran abin da za ta ƙara. Wanda kuma ya koma man E85, mai yawan itanol, ya sani cewa yana buƙatar ƙarin mai wajen kashi 30 cikin ɗari. Yana ba ni takaici in ga an kashe dukiya a kan turbo, an tsallake wannan lissafin da ba ya cin minti goma.

Ɗaya fuskar ita ce injekta mai yoyo, ko wadda ta maƙale a buɗe. Fetur yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi ya riƙa gogar ƙarfe tsirara, sauran kuma ya gangara ƙasa ya tsinka man inji, metal, wato ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansa, ya fara ci. Wannan ba sabuwar cuta ba ce. Mercedes 300 SL ta 1954, mai feshin Bosch kai tsaye, famfonta kan ci gaba da tura mai bayan an kashe wuta har sai inji ya gama tsayawa, shi ya sa ake shawartar masu ita su canza baƙin mai kusan kowane kilomita 1,600. Mafi muni shi ne mai ya taru a silinda bayan an ajiye mota. Fetur abu ne mai ruwa-ruwa, ba ya matsuwa kamar iska. Ka murza makulli, fistan ya taso ya tarar da shi, sai konrod, wato sandar da ke riƙe da fistan, ya lanƙwashe. Don haka idan ka zaro sandar awon mai ka ji warin fetur, ko ka ga man ya ƙaru alhali ba ka ƙara ba, ko mota na wahalar tashi da safe tana fitar da baƙin hayaƙi, kada ka sake tayar da ita.

Ga 'yan uwana makanikai, filogi shi ne shaidarku na farko. Ku kwance su duka, ku jera su bisa tsarin silinda. Wanda ya fi sauran fari, ko kuka ga ɗige-ɗigen ƙarfe a jikinsa, silindarsa ce ke ƙonewa da yunwa. Awon lantarki da mita yana da amfani, yawancin injektocin bayan bawul suna nuna om 12 zuwa 16, amma wannan lafiyar koyil ɗin da ke cikin injektar kawai ya faɗa muku, bai ce komai a kan feshi ba. Sai an ɗora su a kan injin gwaji, an ga yawan man da kowace ta zuba a kwalbarta, da siffar feshinta, da ko tana ɗiga bayan ta rufe.

Kuma don Allah, idan inji ya riga ya lalace aka kawo muku, kada ku sa sabon fistan ku mayar da tsofaffin injektoci ba gwaji. Fistan ɗaya ya narke sauran biyar suna lafiya, ai wannan yana nuna muku inda za ku duba. Ku gwada injektar silindar nan, ku canza filtar mai, ku duba famfo. In injektar mai fesawa kai tsaye cikin silinda ce, zoben teflon na bakinta sabo ake sawa duk lokacin da aka cire ta. A wasu injina kuma, irin N54 na BMW, akwai lambobi a jikin kowace injekta da sai an shigar wa kwamfuta, domin ta san yawan man da wannan ɗin ke bayarwa. Na ga hannu a sama can gefen dama. Bismillah, Malam, muna jin ka.