Mutum Nawa Ne a Ungogo Yanzu?

Aminu: Assalamu alaikum, masu sauraro. Tun makon jiya saƙonni ke shigo mana kan tambaya guda: mutum nawa ne ke zaune a Ungogo yanzu? Malam Kabiru, kai ka tayar da zancen.

Malam Kabiru: Ni ne kuwa, domin amsar da ake bayarwa ba ta kwanta mini a rai ba. Ƙidayar 2006 ta samu mutum sama da 360,000 a ƙaramar hukumar, kuma tun daga nan ba a sake yin wata ba, wadda aka shirya a watan Mayun 2023 ma ɗage ta aka yi. Don haka sai a ɗauki wancan adadi a riƙa ƙara masa kashi 3.3 cikin ɗari duk shekara, wato ƙiyasin Jihar Kano baki ɗaya, wanda da shi jama'a kan ninka cikin kimanin shekara 21.

Zainab: To Malam, ina kuskuren yake? Ai haihuwa ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba.

Malam Kabiru: Haihuwa ba ta sani ba, Malama Zainab, amma fili ya sani. Yaron da aka haifa a cikin birni, ranar da zai yi aure ba ya samun wurin gini a unguwarsu, sai ya nemi fuloti a Bachirawa ko bayan Rijiyar Zaki, inda a da gonakin gero da dawa ne, yau kuwa awon igiya ya cinye su. Ya yi ɗaki biyu da katanga, amarya ta tare tun kafin a ja wuta. Lissafin nan yana nan yana ƙirga shi a cikin ganuwa, alhali 'ya'yansa a Ungogo suke neman aji da asibiti. Shi ya sa na fi amincewa da hanyar da aka bi lokacin yaƙi da shan inna: a ƙirga gine-gine ta hoton tauraron ɗan'adam, a shiga wasu layuka gida-gida a ga mutum nawa ke kwana a kowanne, sannan a auna sauran da su.

Zainab: Ka tuna mini da rubutun alli da masu rigakafi ke bari a jikin bango. Na ƙofar gidanmu sai da damina ta wanke shi.

Malam Kabiru: Wannan allin yana da daraja, domin mai rubuta shi ta shiga gidan ta ga yaran da idonta. Hoto daga sama ba ya bambance kango da gidan haya mai iyali shida, amma ita ta bambance, mai unguwa ma haka.

Aminu: Mun so mu taɓo batun makarantu, Malam, amma lokaci ya ƙure. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.