Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi a Wajen Buɗe Baje Kolin Ilimin Taurari

Mai Girma Kwamishina, ranka ya daɗe. Iyayen ƙasa, malamai, iyaye da ɗalibai, assalamu alaikum.

A madadin ƙungiyar kimiyya ta wannan makaranta, muna yi maka lale marhabin. Ka bar aiki jibge a ofis ka tako har nan, Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, hoton da za ka fara gani a bakin zaure na gajimaren Oriyon ne, wato wani tarin ƙura da iskar gas can cikin sararin samaniya. A daren hunturu, in sama ta washe, ana hango shi da ido kamar ɗan hazo kusa da taurarin nan uku da ke jere. Haskensa kan yi tafiyar shekara kusan 1,350 kafin ya iso mu. A cikinsa ake haihuwar taurari, sai dai ƙura da iskar gas sun lulluɓe da yawa daga cikin jariran.

Hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, yana iya ratsa wannan ƙura. Amma iskar da ta kewaye duniya tana tare shi, shi ya sa hukumar NASA ta Amurka ta harba na'urar Chandra, mai hango wannan haske daga nesa, zuwa sararin samaniya a 1999. A watan Janairun 2003 na'urar ta ƙura wa Oriyon ido kusan kwana 13, ta gano wurare sama da 1,600 da ke fitar da wannan haske, akasarinsu ƙananan taurari da ba su wuce shekara miliyan ɗaya ko biyu ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin yaranmu shi ne zafin ran jariran nan. Maganaɗisun jikinsu kan murɗe ya ɓalle, ya gasa iskar gas har ma'aunin zafi miliyoyi, ya watso eksire da ya ninka na ranarmu sau ɗaruruwa. Masana na ganin haka ranarmu ta yi tashen ƙuruciya shekara biliyan 4.6 da suka wuce, lokacin da duniya ke haɗuwa daga ƙurar da ke zagaye ta.

Ga kukanmu, ranka ya daɗe. Bayanan Chandra suna nan a intanet kyauta, kowa na iya saukewa ya yi nazari. Yaran nan sun nuna ƙwazo, abin da ya rage musu kwamfutoci ne da wuta tsayayya.

Muna roƙon ka taso ka yanke mana ƙyallen buɗe wannan baje koli. Allah ya mai da kai gida lafiya.