Darasin da Ya Daina Aiki: Lacca kan Kula da Buɗaɗɗun Ayyukan Koyar da Kodin

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai, 'yan uwa ɗalibai maza da mata, na gode da wannan dama. An ce in yi magana a kan kula da aikin koyar da kodin (rubuta wa kwamfuta umarni) mai buɗaɗɗen tushe, wato wanda kowa zai iya karanta abin da aka rubuta a cikinsa, ya kwafa, ya gyara, ya miƙa gyaran a duba. Da yawanku kun san freeCodeCamp da Quincy Larson ya fara a 2014, da The Odin Project da ya girme shi da shekara guda, da Scratch da jami'ar MIT ta fitar wa yara a 2007.

Bari in fara da abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Idan ƙwararre yana aiki kwamfuta ta jefo masa saƙon kuskure, ya san inda zai duba. Zai ce ai sigar nan ta tsufa, ya gyara ya wuce. To ɗalibin da bai yi mako guda da farawa ba fa? Ya kwafi abin da darasi ya ce harafi bayan harafi, ya danna, jan rubutu ya cika masa allo. Ko kusa ba zai zargi darasin ba. Cewa zai yi kansa ne ba ya ja. Sai ya rufe kwamfuta, kuma ba zai rubuto muku ya ce ya tafi ba. Shi ya sa nake cewa a aikin koyarwa, darasi ɗaya da ya lalace ya fi rashin sabbin darussa goma illa.

Kuma darasi yana lalacewa ko ba wanda ya taɓa shi, domin abin da aka gina shi a kai ne yake canjawa. Ku ɗauki Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta kodin. A tsohuwar siga ana rubuta print "sannu" ya yi aiki. Python 3 ya fito a 2008 ya ce sai an sa baka, print("sannu"). An daina kula da Python 2 ranar 1 ga Janairu 2020, amma har gobe akwai darussa a intanet da layinsu na farko shi ne tsohon salon, wato ɗalibi zai faɗi tun a bakin ƙofa. Haka Heroku, dandalin da ake ɗora manhaja a intanet, ya janye tsarinsa na kyauta a Nuwamba 2022, sai darussa masu yawa da suke ƙarewa da "yanzu ɗora aikinka a intanet kyauta" suka zama hanyar da ba ta ɓullewa. Masu Scratch kuwa sun hango abin tun da wuri. Sigarsu ta biyu a kan Flash take, wata manhajar kamfanin Adobe, sai suka sake rubuta ta da harshen JavaScript suka fitar da Scratch 3.0 a Janairu 2019, kusan shekara biyu kafin Adobe ya rufe Flash a ƙarshen 2020. Wannan ita ce kulawa, kuma galibi ba a tafa wa mai yin ta.

To me za a yi? Kada ku dogara da idon mutum. Duk wani misalin kodin da ke cikin darasi, a haɗa shi da gwaji mai gudanar da kansa, ta yadda duk lokacin da aka kawo gyara, ko ma kowane mako, na'ura za ta bi misalan ɗaya bayan ɗaya ta faɗi wanda ya karye. Haka adireshin shafukan da kuke tura ɗalibai, a sa na'ura ta riƙa duba waɗanda suka mutu. A saman kowane darasi a rubuta sigar da aka gwada shi da ita da ranar da aka duba shi na ƙarshe. Wannan ɗan layin kaɗai yana ba ɗalibi dalilin zargin darasi kafin ya zargi kansa.

Sai ku lura da inda mutane suke tsayawa. Idan tambaya ɗaya tana ta dawowa a kan darasi ɗaya, kada ku gaji da amsawa kuna cewa ɗaliban yanzu ba sa karatu. Darasin ne yake da rami, a je a cike shi. Wani lokaci an tsallake mataki ne wanda marubucin ya saba da shi har ya manta cewa mataki ne. Kuma ku koyi gogewa. Na san yana da wuya mutum ya cire abin da ya kwana yana rubutawa, amma darasin da babu mai iya kula da shi, cire shi ya fi barin sa alheri.

Yanzu maganar mutane, wadda ita ce mai nauyin. Aikin koyarwa yana da wata ni'ima da sauran ayyuka ba su da ita: masu amfani da shi su ne masu gyara shi gobe. Wanda ya gama darasi jiya ya fi ƙwararre sanin inda yake da ruɗani, domin ciwon bai bar jikinsa ba. Ku buɗe masa ƙofa. Ku rubuta bayanin yadda ake kawo gyara cikin harshe mai sauƙi, ku sa alama a kan ƙananan matsalolin da sabon shiga zai iya. In ya kawo gyara akwai kuskure, a nuna masa da mutunci, ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da yake kashe gwiwa shi ne shiru, mutum ya miƙa gyaransa na farko a yi wata uku ba wanda ya ce masa uffan.

Amma buɗe ƙofa ba ya nufin karɓar komai. A Oktoba 2020, a lokacin Hacktoberfest, shirin da yake ba da riga ga masu kawo gyara a buɗaɗɗun ayyuka, mutane suka yi ta antaya gyare-gyaren banza a GitHub, shafin da ake ajiye kodin, don kawai su sami rigar kyauta, har sai da masu shirin suka canja doka ta yadda sai masu aiki sun amince kafin a lissafa gyaran da aka kawo musu. Lokacin mai dubawa shi ne abu mafi ƙaranci a irin wannan aiki, a kiyaye shi.

Akwai kuma haɗarin barin komai a hannun mutum ɗaya. A Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano wata ɓoyayyar ƙofa, wato hanyar kutse cikin kwamfuta a asirce, da aka dasa a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kwamfutocin Linux bila adadin. Mai kula da ita shi kaɗai ne, ya gaji, wani ya shafe kimanin shekara biyu yana taimaka masa har ya sami amana, sannan ya dasa ƙofar. Aikinku ba xz ba ne, amma ku tambayi kanku yau: mutum nawa ne suke da makullin ma'ajiyar kodin, da na sunan shafin, da na asusun da ake biyan kuɗin saba, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kai? In amsar ɗaya ce, ku mai da ita biyu kafin wata ya ƙare, kuma kada gyara ya shiga sai wani ya duba, ko da na shugaba ne.

Lasisi ma, wato takardar izinin amfani da aikin, a rubuta shi ƙarara: irin su lasisin MIT ko na BSD ga kodin, Creative Commons ga rubutun darasi, don mai son fassarawa ya san yana da izini. In an fassara, a ajiye hanyar da za ta nuna wa mai fassara cewa asalin ya canja, in ba haka ba ɗalibin da ke karatu da harshensa shi ne zai riƙa samun tsohon darasi.

Na ga an ɗago mini takarda cewa lokaci ya yi. A nan zan dakata, sai tambayoyi.