Luksor: daga ginshiƙan Karnak zuwa cikin kaburburan Fir'aunoni

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Kun jima kuna cewa wai ina zaune a Alkahira amma ban taɓa nuna muku inda Fir'aunoni suka yi mulki ba sai dala kawai. To ga mu a Luksor, kudancin Masar, fiye da kilomita 600 daga Alkahira. Jirgin ƙasa na dare muka hau, gari na wayewa muka sauka, mai yi mana jagora yana bakin tasha da 'yar motarsa ta bas. Dattijo ne ɗan nan garin, muna ce masa Ustaz, shi kuma duk wanda ya ga dama ya kira shi "ya shaikh".

Kogin Nilu ya raba garin biyu. Gabas, inda rana take fitowa, nan ne masu rai suka zauna, nan manyan ɗakunan bautarsu suke. Yamma, inda take faɗuwa, ta matattu ce. Da gabas muka fara.

Wannan da kuke gani Karnak ne, babban haikalin bautarsu. Bari in ɗaga kyamarar sama... kun ga ba ta ma iya ɗaukar ginshiƙi ɗaya gaba ɗaya. Ginshiƙai 134 ne a wannan zauren, goma sha biyu na tsakiya sun kai kusan mita 21. Mun gwada riƙe hannu mu biyar mu zagaye ɗaya, hannuwanmu ba su haɗu ba. Seti na ɗaya da ɗansa Ramsis na biyu ne suka yi yawancin aikin zauren, fiye da shekara 3,200 ke nan. Amma Karnak ba aikin sarki ɗaya ba ne, kowane ya hau sai ya ƙara nasa, ko ƙofa, ko gunki, ko hasumiya, har aka yi kusan shekara 2,000 ana gini. Ku dubi can ƙarƙashin dutsen da ya gitta a sama, inda rana ba ta bugawa. Shuɗi da ja da rawaya, suna nan. Ba sabon fenti ba ne.

Waccan doguwar hasumiyar ta Sarauniya Hatshabsut ce, kusan mita 30, kuma dutse ɗaya ne tal. Daga Aswan aka sassaƙo shi, aka biyo da shi ta kogi fiye da kilomita 200. A gefen tafkin akwai gunkin buzuzu da masu yawon buɗe ido suke ta zagayawa wai don neman sa'a. Mu dai mun tsaya daga nesa mun yi kallo.

Haikalin Luksor kuwa a tsakiyar gari yake, akwai hanya ta kusan kilomita 3 da ta haɗa shi da Karnak, gumaka a jere dama da hagu, an sake buɗe ta a 2021. A ƙofarsa hasumiya ɗaya ce a tsaye, 'yar'uwarta tana tsaye a Paris tun 1836. Abin da zai ba ku mamaki, a cikin haikalin akwai masallaci, Masallacin Abul Hajjaj, har yau ana salla a ciki. Ku kalli tsohuwar ƙofarsa can sama, a rataye, babu matakala. Lokacin da aka gina shi ƙasa ta binne haikalin har zuwa nan, da aka tone sai ƙofar ta koma sama. Nan muka yi azahar.

Yanzu mun tsallaka yamma. Gumaka biyu na Sarki Amenhotep na uku suna zaune a bakin hanya, mun tsaya minti kaɗan, hoto, muka wuce. Haikalin Hatshabsut a Deir el-Bahari hawa uku ne a jikin dutse, yana da kyau ƙwarai daga nesa. Mace ce da ta mulki Masar kusan shekara 20, a gumakanta har gemun sarauta aka sa mata, bayan rasuwarta kuma aka bi ana kankare hotonta da sunanta. Ana ganin tabon kankarewar a bango. Amma gaskiya rana ta hana mu daɗewa, babu inuwa ko ta sisi.

To ga inda na fi so ku gani, Kwarin Sarakuna. Daga waje babu komai, tsauni ne fari fat, ba ciyawa ba bishiya, sai ƙofofi a jikin dutse. Da gangan aka yi haka. Sarakunan farko sun gina dala, kowa ya san inda dukiya take, ɓarayi suka kwashe. Sai na baya suka koma haƙa rami a ɓoye, kusan shekara 500 ana binne su a nan, kaburbura fiye da 60. Tikitin shiga na kaburbura uku ne, mai gadi yana huda shi a kowace ƙofa. Na Tutankhamun da na Seti na ɗaya da na Ramsis na shida kuɗinsu daban. Kuma jagora ba ya bin ku ciki ya yi bayani, a waje yake gama faɗa muku komai da hotuna a hannunsa, sai ku shiga ku nema da idonku.

Mun shiga na Ramsis na shida. Ku yi haƙuri da numfashina, gangara ce doguwa, kuma duk wanda ya ce muku cikin kabari akwai sanyi bai zo nan ba. Tun daga ƙofa har ƙasa babu tafin hannu ɗaya na bango da aka bari babu rubutu. Ku dubi rufin ɗakin ƙarshe. Waccan doguwar macen da ta miƙe daga wannan gefe zuwa wancan ita suke kira Nut, a imaninsu ita ce sama, tana haɗiye rana da yamma ta haife ta da safe. Bari in matso da ku kusa da bango, ba zan taɓa ba, an hana. Wannan tsuntsun bai fi ɗan yatsana ba, amma kowane gashin fiffikensa an ja masa layi. A ƙarƙashin ƙasa fa, da fitilar mai da lagwani.

Su wa suka yi? Wannan tambayar na yi wa Ustaz da muka fito, kuma amsar ta fi min labarin sarakunan daɗi. Bayan wancan tsaunin akwai ƙauye, Deir el-Medina, nan ma'aikatan suka zauna da iyalansu, ɗa ya gaji uba a sana'a. Ba bayi ba ne, albashi ake biyansu, na hatsi, alkama da sha'ir. Mai zane yana fara ja da jan launi, babban gwani ya zo ya gyara da baƙi, sannan mai sassaƙa ya bi, mai fenti ya rufe. Akwai magatakarda da yake rubuta komai, har lagwanin fitila ƙirga shi ake yi. An samu allon dutse da aka rubuta sunayen waɗanda ba su zo aiki ba da dalilansu: wannan kunama ta harbe shi, wancan yana dafa giya, wani yana hidimar gawar mahaifiyarsa. A shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na uku hatsinsu ya makara, sai suka ajiye kayan aiki suka je suka zauna a haikalin sarakuna suna cewa yunwa suke ji. Shi ne yajin aiki mafi tsufa da aka samu a rubuce, takardar tana birnin Turin a Italiya. Abokin tafiyata, wanda ya yi digirinsa na farko a jami'ar gwamnati a gida, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe abin gado ne.

Ɓoyon ma bai yi amfani ba. Kusan duk kaburburan an fasa su tun a zamanin Fir'aunonin, akwai takardun shari'ar ɓarayin, kuma cikin waɗanda aka tuhuma har da mutanen da suka san hanyar ramukan saboda aikinsu. Daga baya malaman addininsu suka kwashe gawarwakin da yawa daga cikin sarakunan suka tara a rami ɗaya kusa da Deir el-Bahari, sai a 1881 hukuma ta kai gare su.

Na Tutankhamun ne ya kusa tsira, don ɓaraguzan haƙar wannan kabari na Ramsis na shida da muka fito sun rufe ƙofarsa. Howard Carter, wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, ya gano shi a Nuwamban 1922, da kaya fiye da 5,000 a ciki. In don kallo ne, kada ku sa rai da yawa: ƙarami ne, ɗaki ɗaya kawai aka yi wa zane, kayan kusan duk an kai su gidan tarihi. Amma gawarsa tana nan cikin gilashi, fuska da ƙafafu a buɗe. Yaro ne da bai cika shekara 20 ba.

Na san tambayar da za ku yi, ina Fir'aunan Annabi Musa, alaihis salam? Mutane da yawa suna cewa Ramsis na biyu ne, wasu suna cewa ɗansa Marnabtah, masana ba su haɗu a kan ɗaya ba, Alƙur'ani kuma bai ambaci sunansa ba. Dukansu biyu a nan aka binne su, amma gawarwakin suna Alkahira, a gidan tarihin Fusɗaɗ, inda aka mayar da su a 2021 tare da wasu 20. In na koma zan kai ku.

Mai niyyar zuwa, ya zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya fito da sassafe, ya riƙe ruwa da canji a aljihu, don mai gadi zai haska maka wani lungu da tocila sannan ya miƙo hannu. Ustaz yana ta yi mana hon, direba zai wuce da mu Medinet Habu, haikalin Ramsis na uku, kafin a rufe. Sai mun isa.