Jawabin Maraba ga Shugaban Majalisar Gudanarwar Jami'a Yayin Ziyararsa a Sashen Kimiyyar Sinadaran Halitta

Mai girma Shugaban Majalisar Gudanarwar Jami'a, shugabannin tsangayoyi, malamai da ɗalibai, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, a madadin ma'aikata da ɗaliban wannan sashe ina yi maka barka da zuwa, tare da godiya bisa yadda ka tako da kanka domin ganin inda muke koyarwa da bincike.

Aikinmu shi ne nazarin sinadaran da rayuwa ta ginu a kansu, wato DNA da RNA da furotin. Duk wanda ya zaɓi wannan fage tafiya mai tsawo ce a gabansa, domin bayan digiri na uku sai ya ƙara shekaru yana bincike a ƙarƙashin wani gogaggen masani kafin ya samu gurbin koyarwa, sannan ya haɗa aji da duba ayyukan ɗalibai da neman tallafi da wallafa sakamako, duk a wuyansa shi kaɗai.

Abin da nake so in jaddada a gabanka shi ne cewa irin wannan bincike ba ya nuna amfaninsa da wuri. A 1949 masanin kimiyyar sinadarai Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa cutar sikila ta samo asali ne daga sauyi a furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, amma sai a 2023 aka amince da magani na farko da ke gyara ƙwayoyin gado da fasahar CRISPR domin masu wannan cuta. Haka kuma masaniyar kimiyya Katalin Karikó, wadda aka rage wa matsayi a jami'arta a 1995 saboda rashin samun tallafin bincike, ta ci gaba da aiki a kan mRNA, wato nau'in RNA da ke kai saƙon haɗa furotin a cikin ƙwayar halitta, har ita da Drew Weissman suka wallafa sakamakonsu a 2005. A kan wannan aiki aka gina wasu daga cikin alluran rigakafin korona, kuma shi ya ba su kyautar Nobel a 2023. A ganina, jami'ar da ke auna matashin malami da yawan takardun da ya wallafa a shekara kaɗai tana iya rasa irin wannan baiwa ba tare da ta sani ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, muna roƙon majalisarka ta duba abubuwa biyu. Muna so a rage wa sababbin malamai nauyin aji a shekarunsu na farko, a ba su ɗan jarin fara bincike. Muna kuma buƙatar wutar lantarki marar yankewa, domin samfuran da ake adanawa a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, idan suka narke, aikin shekaru ne ya salwanta.

Bayan wannan zama, ɗalibanmu na digiri na uku suna jiranka a ɗakin gwaje-gwaje domin su nuna maka ayyukansu da kansu. Allah ya saka maka da alheri, ya mayar da kai gida lafiya.